A RABA KWANA A ZAUREN WASANNINMU NA BAUCHI

Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimomi ne suka yi yawa, ga kuma 'yar mura da hunturu ya bar mini. Yau ina so mu ɗan tattauna kan wani gini da kusan kowane mazaunin garin Bauchi ya sani, amma da wuya ka ji an zauna ana maganarsa.

Tun da na tattaro nawa-i-nawa na dawo gida bayan shekarun da na yi a Ingila, katin gayyata bai daina zuwa mini ba. Ka san halin mutanenmu, da zarar an ce wane ya dawo daga Turai, to ya zama babban baƙo a kowane taro, ko da kuwa aljihunsa ba ko sisi. Abin da na lura da shi shi ne, in taron babba ne, sau da yawa a ƙasan katin za ka ga an rubuta wurin taro da Turanci: Multi-Purpose Indoor Sports Hall. Wato dai rufaffen zauren wasannin nan na cikin gari. Na shiga zauren nan ya fi a ƙirga. Rannan ina zaune a cikinsa, ana ta jawabi ana tafi, sai na ɗaga kai na dubi tsawon rufin, na tambayi kaina: shin sau nawa na taɓa shigowa nan da takalmin wasa? Ko sau ɗaya. Kullum da babbar riga da hula nake shiga, in fito da takardar jawabi a hannu da robar ruwa.

Ba cewa nake yi ba a wasa a cikinsa ba. Ana yi, kuma akwai masu horarwa da 'yan wasa da suka san kowane lungu nasa fiye da ɗakunan kwanansu. Amma ka tsaya a Kasuwar Wunti ko Muda Lawal ka tare mutum goma ka tambaye su me ake yi a can, yawancinsu taro za su ce maka: taron jam'iyya, taron gwamnati, rabon kayan tallafi, taron addini, ƙaddamar da wani abu. Sunan ginin ya ce wasanni, jama'a kuma da taro suka san shi. To a nan ne nake da magana.

Bari mu ɗan koma baya, don matasan da ke karanta wannan ba lalle su san cewa Bauchi ta taɓa yin tashe a harkar wasanni ba. An ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976. Kafin nan, a 1973, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fara gasar wasanni ta ƙasa a Legas, shekara uku bayan kammala yaƙin basasa, da niyyar a riƙa haɗa matasan jihohi wuri guda su san juna. Gasar tana zagayawa ne jiha-jiha, kuma sau biyu Bauchi tana karɓar baƙuncinta: a 1991, lokacin Gombe na cikinmu, da kuma 2000, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. Akwai jihohi da yawa a ƙasar nan da ko sau ɗaya ba su taɓa samun wannan ba. Kuma ɗaukar nauyin irin wannan gasa ba filin ƙwallon ƙafa kaɗai yake buƙata ba. Damben zamani, judo, ɗaga ƙarfe, ƙwallon tebur, badminton, duk a ƙarƙashin rufi ake yin su. Shi ya sa duk jihar da ke son a kawo mata gasar, dole ta tanadi rufaffen zaure mai faɗi da tsawo. Zaure irin namu saboda wannan aka yi shi tun asali.

Ga kuma filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya ga nasa zamanin. A 1998 Wikki Tourists ta ɗauko kofin ƙalubale na ƙasa. A 1999 Bauchi na cikin garuruwa takwas da aka buga gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, wadda Sifen ta lashe. A 2009 aka sake dawowa da ta 'yan ƙasa da shekara 17, wadda Suwizalan ta doke mu da ci 1 da nema a wasan ƙarshe a Abuja (wannan kam har yau in na tuna sai raina ya sosu, a ɗakin wani abokina na kalle shi a can Ingila, muka tashi ko sallama babu). A ƙwallon kwando ma garin nan ya fitar da ƙungiyoyi irin su Bauchi Nets da Yelwa Hawks da suka buga babbar gasar ƙasa. Saboda haka in mutum ya ce mu ba mutanen wasa ba ne, bai san tarihin garin ba.

Yanzu ga inda na bambanta da wasu abokaina. Akwai masu cewa a hana duk wani taro a zauren, a bar shi wa 'yan wasa su kaɗai. Ni ban yarda da wannan ba, kuma dalilina abin da na gani ne da idona a waje.

A unguwar da na zauna a Ingila akwai wani zauren wasanni na ƙaramar hukuma. Ba wani katafaren gini ba ne, girmansa filin badminton huɗu ne a jere. In ka dubi daɓensa za ka ga layuka kala-kala sun sassarƙe kamar zanen lalle: wannan kala na ƙwallon kwando, wannan na ƙwallon raga, wannan na badminton. A cikin zauren nan mu Musulmin unguwar muke sallar Idi in ana ruwa, kuma a can kullum ana ruwa. A cikinsa muka yi walimar auren 'yar wani ɗan'uwanmu Basakkwace. A cikinsa 'yan Nijeriya ke bikin ranar 1 ga Oktoba, Indiyawa su yi nasu bikin, ranar zaɓe kuma a kawo akwatunan ƙuri'a. Ba wanda ya taɓa cewa an wulaƙanta zauren don an ci shinkafa a cikinsa. Abu biyu ne kawai ba a wasa da su. Na farko, kafin a shigo da kujera ko ɗaya sai ma'aikata sun shimfiɗa wata leda mai kauri sun rufe daɓen gaba ɗaya. Na biyu, akwai jadawali a manne a bakin ƙofa, kuma shi ne sarki. In an ba ku daga sha biyu zuwa biyar, to biyar da minti ɗaya wata mata za ta zo da makullai ta tsaya a kanku tana murmushi, saboda ƙarfe shida 'yan badminton za su shigo. Na tuna ranar walimar nan, wani babban mutum a cikinmu yana tsakiyar nasiha ga ango, aka fara naɗe ledar daga bayansa. Mun ji haushi a lokacin, har muka ce rashin ladabi ne irin na Nasara. Daga baya na fahimci cewa tsofaffin nan masu zuwa badminton ran Asabar shekara da shekaru suke zuwa, kuma abin da ya sa ba su daina ba shi ne sun tabbata duk ranar da suka zo za su tarar da wurinsu.

Kada wani ya ce na zo ina yabon Turawa. Su ma ƙananan hukumominsu sun rurrufe zaurukan wasa da wuraren ninƙaya da dama saboda ƙarancin kuɗi, kuma ina ganin mu mun fi su son taruwa da zumunci nesa ba kusa ba. Abin da na ɗauko kawai shi ne maganar ledar nan da takardar bakin ƙofa.

Mu a nan muna da hanyar da za mu fahimci wannan cikin sauƙi, ba sai an kawo mana misali daga waje ba. Zauren nan kamar magidanci ne mai mata biyu. Wasa ce uwargida, don ita aka gina gidan, sunanta ne a jikin bango. Taro kuma amarya ce, ta shigo daga baya, ta zo da kuɗi da manyan dangi masu jiniya. Ba laifi ba ne a yi amarya. Laifin yana zuwa ne ranar da aka daina raba kwana, ya zama duk lokacin da amarya ta ga dama ranar tata ce, uwargida sai ta jira abin da ya rage. Kowa ya san yadda irin wannan gida yake ƙarewa: uwargida ba ta fita, ba a kuma sake ta ba, amma 'ya'yanta sun watse a titi.

Kuma abin da ya sa taro ke rinjaye ba wani boyayyen abu ba ne. Mai taro yana zuwa da wasiƙa daga sama, ko da kuɗin haya a hannu, da janareta da dizal ɗinsa. Yaro mai son ƙwallon raga ba ya zuwa da komai sai tsohon kambas da robar ruwa. In kai ne mai riƙe da makulli, wa za ka buɗe wa? Ni ban ga laifin mai makulli ba. Wanda ba shi da takarda a hannu da zai nuna ya ce ranka ya daɗe, yau ranar yara ce, ba yadda zai yi ya ce wa babban mutum a'a. Jadawalin da aka sa wa hannu daga sama kariya ce gare shi kafin ma ta zama kariya ga yaran.

Wani zai ce to yaran su je fili mana, ai Allah ya hore mana ƙasa. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ƙoƙarin buga badminton a watan Janairu a Bauchi ba. Ƙwallon badminton nauyinsa wajen giram 5 ne, na ƙwallon tebur bai kai giram 3 ba. Iskar hunturu ɗaya ta isa ta kai shi gidan maƙwabta. Daga Maris zuwa farkon Mayu rana ba ta barin kowa ya yi tsalle a kan siminti kafin la'asar sakaliya, kuma daga nan magariba ta kusa. Damina ta shigo, Agusta ta zo, fili ya zama taɓo. In ka lissafa, watannin da yaro zai yi atisaye a waje ba tare da yanayi ya kore shi ba ba su da yawa. Ƙwarewa a wasa kuwa irin ta karatun allo ce, kullum ake bita. Yaron da ya yi sati biyu yana zuwa, ya yi sati uku ba wuri, to ya koma farkon allo.

Sannan akwai daɓe. Na taɓa halartar wani taro a wata jiha da ba zan ambata ba, a zauren wasanni mai daɓen katako da aka kashe kuɗi mai yawa a kansa. A gabana aka riƙa jan kujerun ƙarfe a kai, aka kafa dandamali da ƙusa, aka jibge jarkokin ruwan sanyi suna ɗiga har aka tashi. Katakon irin wannan daɓe ba ya shiri da ruwa. In ya sha sai ya kumbura ya bubbuɗe, ƙwallo ta daina tashi daidai, yaro ya taka ya gurɗe. Taron yini ɗaya ne, ɓarnar kuwa ta shekaru. Kuɗin ledar da za ta hana wannan bai kai na abincin manyan baƙin ranar ba.

Amma gaskiya abin da ya tunzura ni na rubuta wannan ba daɓe ba ne. 'Yar yayana ce. Yarinya ce doguwa, ta fi ni tsawo tun tana aji uku na ƙaramar sakandare, kuma a makarantarsu ita ce gwanar ƙwallon raga. Da aka yi dogon hutu ta zo ta same ni ta ce, "Baffa, don Allah ka yi wa Baba magana ya bar ni in riƙa zuwa atisaye." Na je na sami Yaya bayan isha'i, na kawo maganar a hankali, don na san halin kayana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai ka daɗe a Turai ka manta garin nan. Ba 'yata da za ta tsaya a fili tana tsalle, 'yan acaɓa sun yi layi suna kallo." Na ce, "Yaya, to in wurin a rufe yake fa?" Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "In wuri ne mai rufi da ƙofa, mata zalla, mai koyarwar mace, a tashi kafin magariba, ni da kaina zan kai ta."

Ka ji fa. Mutumin nan ba ƙin wasa yake yi ba, kuma na tabbata iyaye irinsa suna da yawa a garin nan, daga Jahun har Fadaman Mada. Sharuɗɗansa biyar ne, kuma biyu daga ciki, rufi da ƙofa, suna nan a gine tun tuni. Sauran ukun magana ce ta tsari. A gari irin namu, rufaffen zaure shi ne kusan hanya ɗaya tak da 'ya mace da ta fara girma za ta ci gaba da wasa da yardar iyayenta. Maganar sutura ma an wuce wurin: tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta ɗage haramcin rufe kai a wasa. 'Yan matan Nijeriya, D'Tigress, sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere, 2017, 2019, 2021, 2023 da 2025, kuma a gasar Olamfik ta Faris a 2024 sun kai zagayen 'yan takwas, abin da wata tawagar Afirka, maza ko mata, ba ta taɓa yi ba a ƙwallon kwando. Muna ta murna muna tafi. Amma da yawa daga cikinsu a Amurka suka tashi, a zaurukan makarantun can suka koyi wasan. Mu 'yan ci-rani mun san wannan sarai, don 'ya'yanmu ne. Ba tsawo ko ƙarfi 'ya'yan Bauchi suka rasa ba.

Akwai kuma wani amfani da ba a cika faɗa ba. Shekarar 1991 da muka karɓi gasar ƙasa, ita ce shekarar da rikicin Tafawa Ɓalewa ya ɓarke a watan Afrilu har ya fantsamo cikin garin Bauchi, aka yi asarar rayuka. Ba na son tono wannan, amma duk wanda ya bar garin nan ya daɗe ya dawo zai ga yadda unguwanni suka rarrabu, kowa ya koma cikin nasa. Yaron cikin gari da yaron Yalwa za su iya girma ba su taɓa zama a benci ɗaya ba. Taron siyasa 'yan jam'iyya ɗaya yake tarawa, taron addini mabiya addini ɗaya. Wasa ne kaɗai ke cusa su cikin riga iri ɗaya, dole wannan ya miƙa wa wancan ƙwallo in suna son su ci. Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro gasar 1973 ke nan, kuma dalilin bai tsufa ba.

A da in ka yi wannan magana sai a ce maka to ina za a kai manyan taruka? Hujja ce mai ƙarfi a lokacin. Yanzu ta yi rauni, tunda a 2025 an buɗe sabuwar cibiyar taro ta ƙasa da ƙasa mai sunan Sir Ahmadu Bello a garin nan, ga zaurukan otal-otal, ga na jami'a da kwalejoji, ga dandalin IBB ga masu son cikar jama'a. Amarya ta samu ɗakinta. Ba na cewa ta daina leƙowa tsohon gida, don ba kowace ƙungiya ce za ta iya kama sabon wuri ba, kuma zauren ma yana buƙatar kuɗin shiga. Ko babban zauren Kigali na Ruwanda, wanda aka buɗe a 2019 mai cin mutum 10,000, inda aka fara gasar ƙwallon kwando ta ƙungiyoyin Afirka a 2021, ana casu da taruka a cikinsa, har sunansa aka sayar wa banki ya koma BK Arena. Taro ne ke ciyar da wasa a irin waɗannan wurare, in an tsara.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kwangila. A fitar da jadawalin mako, a kafe shi a bakin ƙofa, a karanta shi a Rediyon Bauchi da Globe FM yadda uban yara zai ji. A ware wasu yammaci da ba mai taɓa su ko wane ne shi, ɗaya ko biyu daga ciki na mata zalla. Duk mai taro ya biya, a cire wani kaso a ajiye don gyaran rufi, fitilu, fankoki da banɗaki, kada ya tafi can inda sai an rubuta takarda goma kafin a canza ƙwan fitila. Kada a shigar da kujera sai an rufe daɓe. Sannan a samar da wata gasa ta shekara-shekara da jama'a za su saba da lokacinta, ta makarantun sakandare ko ta ƙananan hukumomi 20 na jihar. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar kokawa ta takobi, tana zagaya jihohinsu, har ta zama abin da ƙasa gaba ɗaya ke jira. Mu ma dambe da kokawa da langa namu ne, suna ma cikin wasannin gasar ƙasa, kuma na rantse da a ce za a sa su a zauren nan daren Asabar da tikiti mai rahusa, da sai an rasa wurin tsayawa.

Na san wani zai ce wannan ɗan Turai ya cika mafarki, ana fama da abinci yana maganar badminton. Na ji, kuma ba na raina yunwa. Sai dai ginin yana nan a tsaye, an riga an kashe kuɗin, awa biyu na yammacin Talata ba za su rage wa kowa tuwo ba.

Ita kuwa 'yar tawa, da zan dawo daga wata tafiya na sayo mata takalmin wasa mai lamba 41, da abin kare gwiwa. Yaya ya karɓa ya jujjuya, ya ce an gode, a ajiye tukuna. Suna nan cikin kwalinsu a saman durowar mahaifiyarta. Jiya ta aiko ƙaninta ya gaya mini wai ta gwada takalmin, ya fara matse ta.